Anti Je-ka-gida da Idon Tela

Kafin ta taɓa jakarta, kafin ta kunna waya, aikin farko da Anti Je-ka-gida take yi kowace safiya shi ne ɗiga wa mijinta magani a ido. Yakan zauna a bakin gado ya ɗaga kai sama kamar ɗan tsuntsu mai jiran uwarsa, ita kuma ta tallafe haɓarsa da hannun hagu, ta ɗage fatar idon da babban yatsa, ta saki ɗigo.

"Ranki ya daɗe, Manaja, yau ma kuncina kika yi wa magani."

"Kai ne ka ƙifta."

"Ni ban ƙifta ba. Hannunki ne ya riga ki tafiya ofis."

Sai ta yi dariya ta goge masa da gefen mayafinta, ta sake ɗigawa. Daga nan ta haɗa masa shayi, ta ajiye kofin daidai inda hannunsa ya saba samu, ta fita gari bai gama wayewa ba. Ofishinta yana saman wani kantin magani, ɗakuna uku ne da matakala mai ƙunci. Ita take fara isa. Takan tsaya ta girgiza tukunyar kashe gobara da ke rataye a bango, ta taɓa wayoyin da ke bayan teburi ko sun yi zafi, sannan ta zauna. Ba ta komawa gida sai an kunna fitilun titi. Haka ta yi tun gashinta yana baƙi ƙirin har furfura ta fara leƙowa ta ƙarƙashin ɗankwali.

Wannan baiwar Allah ce muke yi wa jinjina yau, a watan da ta ajiye aiki.

Sana'arta ba ta da saurin faɗi. Ƙananan bankuna, kamfanonin inshora da ƙungiyoyin ajiya da lamuni ne ke ɗauko ta ta duba musu inda rami yake kafin wani ya faɗa. Mai ba da shawara ce a kan haɗurran da ke iya durƙusar da harkar kuɗi. Aiki ne marar tafi. Likita yana da wanda ya warkar, magini yana da gidan da zai nuna da yatsa, ita kuwa in ta yi nasara, abin da za ta nuna shi ne ba abin da ya faru. Banki ya buɗe da safe, ya rufe da yamma, tsohuwa ta zo ta sami ajiyarta inda ta bar ta. Wa zai yi wa wannan guɗa?

Mijinta tela ne, kuma Tela kowa yake ce masa, har jikokinsa. Duk kayan da ta taɓa sawa zuwa aiki shi ya ɗinka, ba tare da ya taɓa ɗora mata igiyar awo ba. Da ido yake auna ta. To idon nan ne yanzu yake tafiya. Ciwon irin wanda ke cin gani daga gefe-gefe ne, yana matse shi sannu a hankali har mutum ya koma kamar mai leƙen duniya ta bututu. Likita bai ɓoye musu ba: maganin yana rage wa ciwon gudu ne kawai, kuma ɗan hasken da ya rage ba mai daɗewa ba ne. A hanyarsu ta dawowa daga asibitin ne Tela ya roƙe ta abu ɗaya, cikin wasa kamar yadda ya saba.

"Manaja, ni fa matar asuba da matar magariba na sani. Ki ɗan gabatar da ni ga ta rana mana, tun ina iya gane ta."

Ta ce masa, "Bari in gama aikin da ke hannuna."

Da gaske take nufi. Sai dai aikin da ke hannunta kullum yana da ƙane a bayansa.

Kafin mu je ga yadda wannan alkawari ya ƙare, ya kamata mai karatu ya san inda sunanta ya samo asali.

In aka ɗauko Anti aiki, ba ta fara da ɗakin shugaba. Kujera take nema ta ajiye a wani lungu inda take ganin kowa, ta zauna shiru tana saurare. Abin da kunnenta ke farauta ɗaya ne: sunan wa aka fi kira? Wa ake nema in na'ura ta tsaya, wa ake nema in mai ajiya ya fusata, wa ake cewa a jira ya dawo daga salla? In ta gane shi, sai ta sa shugabanni su amince, ta kira mutumin gefe ta ce masa, "Je ka gida. Kada ka dawo, kada ka ɗaga waya, sai na neme ka." Sannan ta koma kujerarta ta ga abin da zai zube.

Ku tambayi Mai Makulli. Ma'aikaci ne a wani ƙaramin banki, mutum mai gaskiyar da ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Rabonsa da hutu tun babbar 'yarsa tana rarrafe, ga shi har ta fara zancen jami'a. Ranar da Anti ta faɗa masa maganar, sai da jijiyar goshinsa ta tashi.

"Baiwar Allah, sata kike zargi na da ita? Ki faɗa a gaban kowa!"

"Zauna, ɗan'uwana. Da ɓarawo ne kai, ai da aikina ya zo da sauƙi."

"To mene ne laifina?"

"Kirki. Kowa ya jingina da kai har ƙafafunsu sun manta tsayuwa. Bari in yi maka tambayoyi biyu da nake yi wa kowane abu. Zai yiwu wata rana ka kasa zuwa?"

"Rai a hannun Allah yake."

"In ka kasa zuwa, bankin nan zai iya aiki?"

Ya zare tarin makullan daga ƙugunsa ya dire a tebur da ƙarfi, ya fita ko sallama babu.

Waɗanda suka ga washegari har yau suna ba da labari da dariya. Wuta ta ɗauke, injin ba da wuta ya ƙi tashi, domin shi kaɗai ya san sai an ɗan sassauta wani murfi an buga masa tafin hannu a gefe. Makullai biyu na ɗakin ajiya, waɗanda ƙa'ida ta ce su zauna a hannun mutum biyu, ashe duk a aljihunsa suke kwana, saboda abokin riƙon ya gaji da tashi daga kujera. Wata tsohuwa mai nauyin ji ta zo ta zauna ta ce ita ba za ta yi magana da kowa ba sai "yaron nan mai haƙuri". Manajan reshen ya ɗauki waya zai kira shi, Anti ta ɗora hannunta a kan nasa.

"Ranka ya daɗe, ka ɗauka yana ɗakin tiyata. Me za ka yi?"

"Anti, ki ji tsoron Allah, layi ya kai bakin titi!"

"TsoronSa nake ji. Gara layin yau, muna da lambar mutumin a aljihu."

Suka sha wuya, suka koya. Wani ya gane sirrin injin, aka raba makullai, wata matashiyar ma'aikaciya ta koyi durƙusawa daidai kunnen tsohuwa. Da Mai Makulli ya dawo bai gaida Anti ba, kuma ta bar bankin bai gaishe ta ba.

Bayan wasu shekaru ciwon ciki ya kayar da shi a bakin ƙofar gidansa, aka wuce da shi ɗakin tiyata na gaske. Matarsa ce ta ba da sauran labarin. Ta ce da ya farfaɗo, abokan aikinsa suka zo dubiya, abin da ya fara tambaya shi ne, "An buɗe?" Suka ce an buɗe. "Injin fa?" Suka ce ya tashi. "Tsohuwar nan?" Suka ce ta zo, har ta aiko a gaishe shi. Sai ya juya fuska bango ya yi ta hawaye. Matar ta ce ita ba ta sani ba ko zafin an iya ba shi ne, ko sanyin an sauke masa kaya. Abin da ta sani, bayan kukan ya yi wani irin barci da tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ya yi ba. Da ya warke, da ƙafarsa ya hau matakalar nan mai ƙunci, ya tsaya a ƙofar Anti yana murza hula a hannu. Bai iya cewa komai ba sai, "Na zo gaisuwar da na riƙe."

Ke ce, Anti, mai ganin gajiyar da mai ita ya ɗauka ado ce. Ke ce kika yarda a tsane ki a yau don a kwana lafiya wata shekara.

Ba kuma kowane gargaɗinta ne duniya ta gaskata ba, kada mu yi mata ƙarya don muna son ta. Akwai bankin da ta tarar kusan duk rancensa yana hannun 'yan kasuwa ɗaya, ƙarƙashin rufi ɗaya. Ta shiga kasuwar da ƙafarta, ta ɗaga kai ta ga wayoyin wuta sun sarƙe kamar saƙar gizo, ta dawo ta tsaya kai da fata sai an watsa rancen zuwa wasu sana'o'i, an kuma sa masu shaguna sun yi inshora. Abin ya ci wa bankin riba, ya jawo mata baƙin jini. Gobarar kuwa har yau ba ta zo ba. Duk inda manajan ya gan ta sai ya ɗaga murya, "Anti, ina gobararki? Mun gaji da jira!" Ita kuma ta ce, "Allah Ya sa ka yi ta yi mini dariya har haƙoranmu su zube." Kuma har zuciyarta take faɗa.

Amma wanzami ba ya son jarfa.

A ofishinta na saman kantin magani, sunan da aka fi kira bai da wuyar ganewa. Anti, wane ya bugo. Anti, duba mini wannan. Anti, sun ce ke suke so. Tana da mataimaki wanda kowa ke kira Na-Biyu, ƙaton mutum mai sanyin murya, da ya yi shekaru a gefenta har shi ma furfura ta sauko masa a gemu. Ya san aikin ciki da bai, wani lokaci yakan hango abin da ita ta tsallake. Aibinsa ɗaya: bakinsa ba ya iya furta a'a. In babban mutum ya matsa masa, sai ya yi murmushi ya ce, "Bari in ji ta bakin Anti." Ita kuma, don tausayi, takan karɓi maganar ta ƙarasa masa. A ranta tana cewa taimakonsa take yi.

Shi ya sa duk lokacin da Tela ya ɗaga kai a ɗiga masa magani, ta ga ƙwayar idon tana neman fuskarta kafin ta same ta, sai ta ce a ranta wannan watan ne na ƙarshe. In ta isa ofis ta ji ana Anti, Anti, sai ta ce to wa zan bar wa? Matar da ta koya wa bankuna cewa abin da ba ya dawowa shi ake fara tsarewa, ita ce ta sa idon mijinta a layin abubuwan da za su iya jira.

Wata safiya ta fito daga ɗakinta ta ga abin mamaki. Na-Biyu ya bar teburinsa, ya ɗauki kujerar baƙi ya kai lungu kusa da na'urar ruwan sha, ya zauna ya harɗe hannu.

"Lafiya, Na-Biyu? Fanka ce ta lalace a wajenka?"

"Lafiya lau, Anti. Iskar nan ta fi."

Ta koma ciki. Washegari ma yana can. Ba ya rubutu, ba ya duba na'ura, kunne kawai ya kasa. Duk sanda wani ya ce "Anti", sai ta ga ya ɗan sunkuyar da kai. Wa ya fi ta sanin ma'anar wannan zama? Ta ji haushi ya taso mata, irin wanda ta sha gani a fuskokin mutane tana ba su haƙuri. Ta ce a ranta, ai ba zai iya ba. Mutumin da ko mai talla ya shigo ofis ba ya iya sallamarsa.

A ƙarshen makon ya ƙwanƙwasa ƙofarta. Ya shigo ya ƙi zama, gumi yana tsattsafo masa a goshi.

"Anti, ranar da kika ce in kai Baba Tela asibiti saboda taronki..."

"Na gode maka ai. Ko wani abu ya faru?"

"A mota ya tambaye ni wane kaya kika sa ranar. Na ce kore ne, mai zare ruwan zinare a wuya. Sai ya yi dariya ya ce, af, wannan, shi ya ɗinka shi shekarar da kika buɗe ofis ɗin nan. Ya ce da safen ya ji yadin da hannunsa, amma hasken ɗaki bai ishe shi gane launin ba." Na-Biyu ya ƙara da cewa, "Ya ce kada in faɗa miki, wai kina da abin da ya fi wannan a kanki."

Ta kasa ɗaga ido daga teburin.

"Anti, tambayoyi biyu ne. Zai yiwu ganin Baba ya ƙare kina nan kina jiran aiki ya ƙare?"

"Na-Biyu, kada ka..."

"In ya ƙare, akwai inshorar da za ta mayar?"

Ana jin mai kantin ƙasa yana jan ƙofar ƙarfensa.

"Ni za ka karanta wa karatuna?" Muryarta ta fito da kaifi. "Ka san aikin bankin nan mai rassa da yawa yana kan wuta. Shugabansu ba ya jin maganar kowa. In na matsa, cinye ku zai yi ɗanye."

"Wataƙila." Ya miƙo ƙaton tafinsa. "Je ki gida, Anti. Ba ni wayar. Sai na neme ki."

Ta dube shi. Tun da take tare da shi ba ta taɓa jin ya ba wani umarni ba, sai ga shi ya fara da ita. Ta so ta yi faɗa, ta so ta yi dariya, sai hawaye ya riga su duka. Ta ɗora masa wayar a hannu.

"Allah Ya isa tsakanina da kai," in ji ta, tana share ido.

"Amin, Anti. A gaida Baba."

Kada mai karatu ya zaci ta isa gida ta faɗa cikin nutsuwa kamar yadda ake yi a littattafan soyayya. Ina! Kwanakin farko ta zame wa Tela alaƙaƙai. Ta gano tukunyar gas tana kusa da taga fiye da kima. Ta gano wayar dutsen guga ta zazzage. Ta sauya wa kujeru wuri don kada ya yi tuntuɓe, ya kuwa yi tuntuɓe da su duka, domin ƙafarsa tsohon wurin ta haddace.

"Manaja, gidan nan fa ya yi shekaru yana tsaye ba tare da mai ba da shawara ba."

"Da ikon Allah yake tsaye, ba da dabararku ba."

"To ki bar wa Allah aikinSa, ki zo ki zauna."

Takan zauna, amma kunnenta yana ƙofa, hannunta yana lalubar wayar da babu. Jikinta ya dawo, hankalinta yana saman kantin magani. Tela ya lura, ya ƙyale ta. Mai jiran da ya daɗe ba ya gaggawa.

Sai wata hantsi aka yi sallama. Na-Biyu ne, ya rame kamar wanda ya yi jinya. Ya durƙusa ya gaida Tela, ya zauna a bakin tabarma ya ƙura wa ƙasa ido.

"Anti, mutanen bankin nan sun janye aikinsu."

Kafin ya rufe baki ta miƙe, ta shiga ɗaki ta fito da jaka da mayafi. Wannan aikin shi ne mafi tsoka a ofishin. Ta riga ta fara tsara abin da za ta faɗa wa shugaban. Tela yana zaune a kujerarsa, ya juya kai yana bin ƙarar takalminta, bai ce tafi ba, bai ce zauna ba. A bakin ƙofa ta tsaya ta juyo.

"Me ya faru? Faɗa mini a taƙaice."

"Shugaban ne ya zo da kansa. Yana so mu sa hannu a bar manajojin rassa su amince da rance su kuma fitar da shi su kaɗai, wai don sauri. Ya ce a kira ki. Na ce ba kya nan. Ya ce to ni in sa."

"Sai ka ce bari ka ji ta bakina."

"Na ce masa a'a."

Ta saki hannun ƙofar. "Ka ce me?"

"A'a, Anti. Sai da na maimaita, don karon farko ni kaina ban ji ba. Na ce hannun da ya amince ba shi zai fitar ba. Na ce kuma ba don muna zargin manajojinsa ba ne. Don mu kare su ne. Mutum shi kaɗai a ƙaramin gari, surukinsa ya zo neman rance, mai gidan hayarsa ya zo, da wane baki zai hana? A bar masa abokin aikin da zai nuna ya ce shi ne ya ƙi."

Anti ta auna maganar. Dalilin farko nata ne, ta faɗe shi sau ba adadi. Na biyun kuwa ba ta taɓa kawo shi ba. Sai mutumin da ya san azabar kasa cewa a'a ne zai hango shi.

"Ya daka tsawa?"

"Har mai kantin ƙasa ya hau ya leƙo."

"Kai fa?"

"Na ba shi ruwa. Ya ƙi sha. Ya tafi." Ya ɗago da idanu jajaye. "Ki yafe mini, na yi mana asara."

Ta dubi jakar da ke hannunta kamar ba ta san wanda ya ba ta ba. Ta rataye ta a ƙusar da ke bayan ƙofa.

"Ka yi asarar banki, ƙanena. Wani zai zo, ko kada ya zo. Ka koma ka zauna a ɗakin ciki, kujerar tana ɗan karkata hagu, ka sa mata takarda."

"Wayarki fa?"

"Ka ba su lambarka."

Bayan ya tafi, gidan ya yi tsit. Rana ta daidaita a tsakar gida, ta wanke siminti fes. Tela ya yi gyaran murya.

"Manaja, koren nan yana nan?"

Ta shiga ta sa. Ya ɗan matse ta a kafaɗa, ta fito tana jan hannun rigar, tana jin kunya kamar ba ita ce ke tsayar da shugabannin bankuna ba. Ta zo ta tsaya a gabansa.

"A'a, kin yi kusa. A nan hancinki kawai nake gani. Matsa baya."

Ta matsa.

"Ƙara. Shiga cikin ranar sosai."

Ta yi ta ja da baya har ta kusa jingina da bango, domin mai gani ta bututu sai abu ya yi nisa yake shiga masa gaba ɗaya. Ya kafe ta da ido, yana ɗan gyara kai kamar mai zura zare. Can sai fuskarsa ta buɗe.

"Yauwa. Ga ki nan duka, daga ɗankwali har ƙafa." Ya daɗe bai ƙifta ba. "Kafaɗar hagu ta ɗan fi ta dama sauka. Laifin jaka ne, ba na tela ba."

"Abin da ka gani ke nan?"

"Na ga furfura ma. Wa ya ba ki izinin tsufa ba na wurin?"

Ta yi dariya, hawaye na bin kuncinta, rana na dukan zaren wuyan rigar yana walƙiya. Ba ta motsa ba. Ta tsaya masa har inuwa ta fara cin ƙafafunta, shi kuma yana kallo, yana adanawa.

Har zuwa yau da ake rubuta wannan, Tela yana gani. Bututun ya ƙara matsewa, likita bai sauya magana ba. Amma maƙwabta sun shaida, kullum hantsi za ka ji muryarsa ta kan katanga yana cewa a matsa hagu, a ɗan juyo, ita kuma tana cewa ita fa ba 'yar tsanar shago ba ce. An ce akwatin kayanta suke bi ɗaya bayan ɗaya, kuma akwatin yana da zurfi.

Anti, mun gode. Mun gode a madadin masu ajiyar da ba su san sunanki ba, ba su kuma san daren da kika hana ya zo musu ba. Mun gode a madadin amintattun da kika sauke wa kaya suna zagin ki. Kin yi aikin da ladansa shiru ne, kin riƙe shi da amana, kuma da aka juyo miki da madubinki ba ki fasa shi ba. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ja zaren hasken Tela, Ya ba Na-Biyu ƙarfin baki.

Ku kuma matasa masu sha'awar wannan sana'a, ku koyi zama shiru a lungu kafin ku koyi magana a ɗakin taro, ku koyi ƙin abu ba tare da kun ƙi mai shi ba. Sauranmu kuwa, duk wanda ya san shi ne ginshiƙin wani wuri, ya duba gefensa ya koya wa wani abin da ya sani tun yau, ya bar shi ya yi kuskure yana raye yana kallo. Akwai wani a gida da ya daɗe yana cewa ba komai, je ka, aikinka ya fi. Ba gaskiya yake faɗa ba. Kunya ce da ƙauna suka haɗu suka rufe masa baki.